Daga Kuɗin Fito Zuwa Tambur: Abin Da Ya Raba Fataken Arewa Da Jirgin Sama



Da kwamitin biki ya umarci ofishin magatakarda ya rubuta wani abu na tarihi don wannan fitowa ta musamman, sai muka fara da buɗe tsohuwar adakar ƙarfen nan ta bayan ofis, wadda ake zuba takardun da ba a son yarwa, ba a kuma da lokacin karantawa. A ƙarƙashin rasidan duwan da littattafan kuɗin wata-wata muka tarar da wata ambulan cike da guntayen tikitocin Cameroon Airlines, irin na da, masu jan kabon, rubutun hannu. Ngawundere zuwa Duwala. Garwa zuwa Yawunde. Har da na Marwa. Masu tikitocin nan ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Dillalan shanu ne da masu goro da masu atamfa. Wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, wasu kuma suna nan, za su zauna a sahun gaba ranar taro. Mu kuwa da muka taso a bayansu, da yawanmu ba mu taɓa hawa jirgin sama don fatauci a cikin ƙasar nan ba, sai in kujerar Makka ta samu.

Dalilan da suka jawo haka suna da yawa. Ɗaya muka zaɓa mu bi, wanda ɗan kasuwa ya fi kowa saninsa, wato kuɗin da ake ɗora wa tafiya tun kafin a ɗaga ƙafa.

Wannan kuɗi ba baƙonmu ba ne. Tun da Arɗo Njobdi ya kafa sarautar Fulani a Ngawundere wajen shekarun 1830, a ƙarƙashin tutar Modibbo Adama, ayarin Hausawa da Barebari ke hawowa tudun nan neman hauren giwa da goro, har da bayi, abin da ba ma alfahari da shi. Madugu ya san akwai kuɗin fito a mashigin Binuwai da na Faro, akwai garama a ƙofar gari, akwai gaisuwa a fada, kuma duk yana cikin lissafinsa tun daga gida. Sai dai yana da makami guda: in wani sarki ya tsawwala, baɗi ayari ya sake hanya, kasuwar garin ta kwanta. Turawa ma sun ɗanɗana wannan. A ɓangaren Ingilishi, Gwamna Lugga ya sa harajin ayari a 1903, kashi 5 cikin 100 na darajar kaya a kowane lardi da aka ratsa, har ya kai kashi 15. Fatake suka riƙa kauce wa wuraren karɓa, manyan 'yan kasuwa suka yi ta ƙorafi, a 1907 aka soke shi. Ku riƙe wannan labari, za mu sake gamuwa da shi a filin jirgin Garwa.

A Kano jiragen sama sun fara sauka ranar 1 ga Nuwamba 1925. A nan tudun Adamawa kuwa nama ne ya mayar da jirgi abin kasuwa. A shekarun 1950 babu dogo, hanyar kudu ta jar ƙasa ce da damina ke yankewa, sa kuma in ya yi makonni yana tafiya a ƙafa sai ya isa Yawunde a rame. Sai kamfanin kiwo na Faransawa da ake kira Pastoral ya riƙa yanka a Ngawundere, a loda naman a jirgi, ya isa biranen kudu a ranar. Wato filin jirgin garin nan da kaya ya fara cin abinci, kafin fasinja.

Bayan 'yancin kai, a ranar 28 ga Maris 1961, shugabannin ƙasashe goma sha ɗaya suka sa hannu a Yawunde kan kafa kamfani ɗaya na tarayya, Air Afrique. Kamaru da Cadi da Nijar duk suna ciki. Amma hedikwata a Abijan aka kai ta, kuma Shugaba Ahmadu Ahijo yana ganin ƙasarsa tana kawo fasinja da yawa tana samun kaso kaɗan. A 1971 ya fitar da Kamaru, aka kafa Cameroon Airlines, wanda kowa ya fi sani da Camair. Gwamnati na da kashi 70, Air France na da 30, kuma ya fara tashi ranar 1 ga Nuwamba na wannan shekara. Ahijo ɗan Garwa ne, ya san nisan da ke tsakanin gidansu da teku. A zamaninsa aka gina wa Garwa filin da manyan jirage ke iya sauka, kuma Camair ya riƙa haɗa Duwala da Yawunde da Ngawundere da Garwa da Marwa. Ba riba ce ta sa ake bin wannan layi ba. Ana kallonsa a matsayin igiyar da ta ɗaure arewa da kudu, kuma abin da aka samu a layin Paris shi ke cike giɓin na cikin gida.

A 1974 dogo ya iso Ngawundere. Daga nan kaya masu nauyi da shanu suka koma jirgin ƙasa, garin ya zama mahaɗar manyan motocin Cadi da na arewa mai nisa, abin da har yau muke ci daga gare shi. Wannan ya rage wa filin jirgin Ngawundere kaya, ya bar shi da fasinja mai gaggawa. Garwa kuwa, da ke bayan gangaren Falez da tazarar fiye da kilomita 250, ta ci gaba da dogara da sama, musamman da tashar jirgin ruwanta ta yi rauni bayan yaƙin Biyafara da kuma datse Binuwai da aka yi a Lagdo a 1982.

Iyayenmu da muka zauna da su don wannan rubutu sun ce shekarun nan ne jirgi ya zama na mai matsakaicin jari. Wani dattijo daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiya ya ce shi lissafinsa mai sauƙi ne. Zai raka shanu a dogo zuwa kudu, in ya sayar sai ya dawo ta sama, don kuɗin da ke ɗaure a ƙugunsa bai kamata ya kwana a hanya ba. Wannan lissafi ya ƙara ƙarfi a shekarun 1990, lokacin da zargina suka addabi hanyoyin arewa, suna tare motocin 'yan kasuwa ranar cin kasuwa. Tikiti a lokacin kamar kuɗin gadi ne. Abin baƙin ciki, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa ne ya fara fin ƙarfin mutane.

A nan ya kamata mu tsaya mu buɗe tikitin mu ga abin da ke cikinsa, don yawancinmu jimla kawai muke gani. Kuɗin da ka miƙa wa mai sayar da tikiti ba duka ne ke shiga aljihun kamfanin jirgi ba. Akwai wanda ake karɓa a kan kowane kai: kuɗin amfani da ɗakin fasinja, kuɗin tsaro na binciken jaka da jiki, sai tambur na gwamnati. Waɗannan kamfanin ɗan aike ne kawai, ya karɓa ya miƙa. Akwai kuma wanda ake karɓa a kan jirgin kansa. Kuɗin sauka, wanda ake auna shi da nauyin jirgi. Kuɗin fitilun titin jirgi in dare ya yi. Kuɗin ajiye jirgi in ya daɗe a ƙasa. Kuɗin masu tura matakala da sauke jakunkuna. Sai kuɗin jagora a sararin sama, wanda ake biyan ASECNA, hukumar da aka kafa a 1959 mai hedikwata a Dakar, ita ke magana da matuƙi a sararin Kamaru da Cadi da Nijar, kuma tana lissafi da nauyin jirgi da nisan da ya yi.

Mai babbar mota zai gane matsalar nan take. Kuɗin da ake karɓa a kan jirgi bai damu da ko kujeru sun cika ba, kamar yadda shingen hanya ba ya tambayar ko motarka da lodi ko wayam take. A ɗauka, don misali kawai, jirgi mai kujera 70 ya sauka Ngawundere da mutum 25. Kuɗin sauka da na jagora da na mai suna nan yadda suke, sai dai yanzu kai 25 ne za su ɗauka maimakon 70. Kamfani ya ƙara kuɗin tikiti don ya fita, wasu daga cikin 25 ɗin su koma jirgin ƙasa na dare, kamfani ya rage tashi daga kullum zuwa sau biyu a mako, wanda ke da gaggawa ya daina dogara da shi tunda ba ya samunsa ranar da yake so. Shi ma filin jirgin yana da nasa nauyin da ba ya raguwa, na 'yan kwana-kwana da katanga da janareta da albashi, don haka in jirage sun ragu ba shi da niyyar rage farashi. A Duwala yawan jirage yana ɓoye wannan ciwo. A ƙaramin fili kamar namu ba abin da zai ɓoye shi.

Ga kuma mai. Man jirgi daga bakin teku yake fitowa, ya hau dogo zuwa Ngawundere, ya hau tanka zuwa Garwa, kowane zango da kuɗinsa. Tun da matatar SONARA ta Limbe ta yi gobara a ƙarshen Mayu 2019, ƙasar ma daga waje take sayo tataccen mai.

Dokar duniya ta san bambanci tsakanin kuɗin aiki da haraji. Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi hukumar ICAO, ita ce tushen ƙa'idar cewa kuɗin da fili ke karɓa ya yi daidai da hidimar da ya yi, kuma kada a fifita jirgin gida a kan na baƙi. Haraji kuwa baitulmali yake tafiya, ba lallai ko sisi ya koma ga titin jirgi ba. Mu ba mu da ja a kan kuɗin aiki. Wanda ya taɓa ganin shanu na kiwo kusa da titin jirgi ba zai yi jayayya da kuɗin katanga ba. Rigimarmu da ɗaya ɓangaren ce, kuma tarihi ya nuna yadda ya yi ta kumbura.

Daga 1986 farashin man fetur da koko da auduga ya faɗi, Kamaru ta shiga matsi, ta je hannun IMF. A 1993 aka zaftare albashin ma'aikata har sau biyu. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100. Ga kamfanin jirgi wannan bugu ne biyu a wuri ɗaya. Hayar jirgi da kayan gyara da inshora duk da kuɗin waje ake biya, sun ninka cikin dare ɗaya, alhali fasinjan da ke biya da sefa aljihunsa ya ragu. A daidai wannan lokaci gwamnati ta sauke wa kanta nauyin filaye. Aka kafa kamfanin Aéroports du Cameroun, ADC, a ƙarshen 1993, aka damƙa masa filaye bakwai: Duwala, Yawunde-Nsimalen, Garwa, Marwa-Salak, Ngawundere, Bertuwa da Bamenda. Tun daga nan fili ya zama mai neman abin da zai ciyar da kansa, kuma ba shi da wanda zai tatsa sai jirgi da fasinja. A ƙarshen shekarun 1990 aka kafa hukumar kula da sufurin sama ta ƙasa, CCAA, ita ma da nata kason a cikin tikiti.

Sai tambur. Manya za su tuna lokacin da ake tsayawa layi a wata 'yar taga a filin jirgi, a saya, a manna a katin shiga. Shekaru da dama jaka goma ne, wato sefa 10,000, ga mai fita ƙasar waje. Daga baya aka ɗauke tagar aka shigar da kuɗin cikin tikiti, kamfanin jirgi ya zama mai karɓa. An huta da layi, amma an yi asarar wani abu: da kana ganin hannun da ke karɓa, yanzu ba ka gani, sai ka ɗora wa kamfanin jirgi laifin tsadar duka. Dokar kasafin 2018 ta ɗaga shi zuwa sefa 25,000. Ta 2023 kuma ta raba shi: 25,000 ga mai zuwa ƙasashen CEMAC, 40,000 ga mai fita wajen CEMAC a kujerar talaka, 120,000 a kujerar manya, na cikin gida kuma 1,000. Banda wannan, tun 2006 Shugaba Jacques Chirac na Faransa ya kawo tsarin ɗora ɗan wani abu a kan tikiti don sayen magungunan ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro ta hannun Unitaid, kuma Kamaru da Nijar suna cikin ƙasashen da suka karɓi tsarin. Niyya ce mai kyau, babu mai musu. Amma kowane ofishi da ke da niyya mai kyau a kan tikitin nan ɗaya yake sauke ta, don shi ne harajin da ya fi sauƙin karɓa: ba a bin mutum kasuwa, ba a rufe shago, kamfani ne zai tara ya kawo. Ana kuma ɗauka duk mai hawa jirgi mai kuɗi ne.

Gaskiya ɗaya ce, kada mu ɗora wa haraji abin da bai yi ba. Ba shi kaɗai ya kashe Camair ba. An yi ta sauya shugabanni, an ɗauki ma'aikata fiye da buƙata, ofisoshin gwamnati suna karɓar tikiti bashi ba sa biya a kan lokaci, ciwon da ya ci Air Afrique ma. Ranar 3 ga Disamba 1995 jirginsa da ya taso daga Kwatano ya faɗi kusa da Duwala, mutum 71 suka rasu. A Nuwamban 2000 babban jirginsa Boeing 747 mai suna Mont Cameroun ya zarce titi a Paris, bai sake tashi ba. Jinkiri da soke tashi suka yi yawa har mutanen kudu suka laƙaba masa Air Peut-être, wato jirgin wataƙila. Air Afrique ya rufe a 2002, Nigeria Airways a 2003, Camair kuma ya tsaya a Maris 2008, lokacin wasunmu muna sakandare. Abin da haraji da kuɗin fili suka yi shi ne hana wani ya maye gurbin. Inda tafiya ke da arha, in babban kamfani ya faɗi ƙanana sukan taso su cinye kasuwarsa. A layin arewa, mai ƙaramin jirgi in ya zauna ya yi lissafin abin da zai biya kafin ya ɗauki fasinja ɗaya, sai ya nufi wani wuri.

Camair-Co, wanda aka kafa a takarda tun 2006, sai ranar 28 ga Maris 2011 ya fara tashi. Ya gwada Paris da jirginsa Dja, ya sha asara, ya dawo ya fi mayar da hankali kan cikin gida da maƙwabta, da jiragen MA60 na Sin da kuma Q400 masu farfela. Ya dawo mana da jirgi a Ngawundere da Garwa da Marwa, wannan kam a yaba. Sai dai shi ma ya shafe shekaru yana fama da bashi, gwamnati tana tallafa masa. Abin ya zama kamar mai zuba ruwa daga tulu zuwa randa ya sake mayarwa: hannu ɗaya na gwamnati yana karɓar haraji da kuɗin fili daga kamfanin, ɗaya hannun yana ba shi tallafi don kada ya mutu. Fasinja ne kawai ba a mayar masa da komai.

Yanzu mu zo inda abin ya fi shafar wannan ƙungiya. Tambur na cikin gida bai taka kara ya karya ba, jaka ɗaya ce. Wanda ya yi nauyi shi ne na tsallaka iyaka, kuma mu sana'armu ke nan. Haraji ba ya auna nisa, iyaka yake gani. Daga Garwa zuwa Yola a miƙe kimanin kilomita 100 ne, kogi ɗaya muke sha. Amma Najeriya ba ta cikin CEMAC. Don haka da a ce yau wani zai sa ƙaramin jirgi tsakanin garuruwan biyu, fasinjansa zai biya tambur daidai da na mai zuwa Paris ko Dubai, sefa 40,000, kafin a zo ga kuɗin fili da na tsaro a farashin ƙasa da ƙasa. In zai dawo kuma ɓangaren Najeriya na jiransa da nasa: kashi 5 cikin 100 na kuɗin tikiti da hukumar NCAA ke karɓa, da kuɗin fasinja na FAAN. Ga mai zuwa Paris, jaka arba'in ɗan ƙari ne a kan tikiti mai tsada. A tafiyar da ba ta kai rabin awa ba kuwa, harajin zai iya fin kuɗin kujerar. Babu ɗan kasuwar da zai zuba jarinsa a nan.

Garwa da Kano kimanin kilomita 600 ne a sama. Hanyar da aka saba bi in an nace sai ta jirgi ita ce a gangara Duwala, a tsallaka Legas, a sake hawowa Kano, fiye da kilomita 2,000, tikiti uku, haraji a kowane tashi, wani lokaci har da kwanan otal. Shi ya sa muke kan mota ta Mubi ko ta Yola, muna ƙirga shingaye. Da aka rufe iyakar ƙasa ta Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, filayen jiragen sama a farko a buɗe suke, amma wa ya iya? Manyan da suka tuna rufewar 1984 zuwa 1986 sun ce wancan karon ma haka aka yi ta kallon sama.

A nan labarin madugu ya dawo. Hajiyoyinmu masu zuwa Dubai da Jidda da alhazai masu zuwa Guwanzu ba su daina tafiya ba, hanya suka sake. Na Marwa da Kusiri su tsallaka gada su hau a Injamena. Wasu su yi kwana biyu a mota su hau a Kano, inda dama suna da masauki da abokan ciniki a Kantin Kwari. Duk wanda ya yi haka, Kamaru ba ta samu 40,000 ɗinsa ba, ba ta samu ko 10,000 ɗin da ba, filin Garwa bai samu kuɗin fasinja ba, mai tasi da mai abinci a bakin fili ba su ga komai ba. Filin da aka gina don manyan jirage ya fi cika ne a lokacin jigilar alhazai.

Mun ga abin da zai iya yi in an ba shi dama. A Janairun 2022, lokacin gasar kofin Afirka, rukunin Najeriya a Garwa aka ajiye shi. Super Eagles suka ci Masar da Sudan da Gini Bisau a filin Rumde Ajiya kafin Tunisiya ta fitar da su. Makonnin nan jirage suka yi ta sauka, otal suka cika, mutanen Yola da Mubi suka kwararo, har wasu 'yan ƙungiya suka ce cinikin da suka yi bai da bambanci da na jajibirin Salla. Da aka tashi gasar, filin ya koma shirunsa.

A takarda shugabannin Afirka sun daɗe da amincewa cewa akwai matsala. An yi matsayar Yamusukuro a 1999 kan buɗe sararin sama tsakanin ƙasashe, an ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Adis Ababa a Janairun 2018. Amma izinin tashi bai da amfani in farashin ya hana fasinja zuwa. Matakin da ya fi kusa da ainihin ciwon shi ne na ECOWAS, wadda shugabanninta suka amince a Abuja a Disamban 2024 cewa daga 1 ga Janairu 2026 a soke harajin da ba na hidimar jirgi ba a kan tikiti, a kuma rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin 100. Ko ƙasashe za su cika alkawari, wannan sai an gani a tikiti. Mu dai matsayinmu mai wuya ne: Kamaru da Cadi suna CEMAC, Najeriya tana ECOWAS, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ƙasashe huɗu da muke kasuwanci a cikinsu sun rabu gida uku, kuma layin da ya raba su ta tsakiyar kasuwanninmu ya bi.

Saboda haka ofishin magatakarda ya sa magana ɗaya a cikin ajandar babban taro, da izinin shugaba da dattawa. Muna son ƙungiya ta rubuta wa 'yan majalisarmu na jihohin Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, da kuma majalisar 'yan kasuwa, kafin a zauna kan kasafin baɗi, a nemi a ware gajerun tafiye-tafiye na maƙwabtaka, irin Garwa zuwa Yola ko Kano ko Maiduguri, a ba su tambur nasu dabam mai sauƙi, a kuma yi rangwamen kuɗin sauka na wasu shekaru ga duk kamfanin da ya buɗe sabon layi a Garwa ko Ngawundere ko Marwa. Gwamnati ba za ta yi asarar komai ba a layin da yanzu babu mai binsa. 'Yan'uwanmu na reshen Najeriya kuma su kai irin wannan takarda ga nasu wakilan.

Takardar za ta fi ƙarfi in da shaida a bayanta. Muna roƙon duk wanda ya hau jirgi a Injamena ko Kano ko Duwala cikin shekara biyun nan ya kawo mana kwafin tikitinsa, musamman shafin da aka jera haraji, ya kuma faɗa mana nawa ya kashe a mota da masauki kafin ya isa filin. Za mu rufe sunaye. Iyayenmu da ke da tsofaffin tikitocin Camair a gida su ma su taimaka su kawo, za mu ɗauki hoto mu mayar musu. Ofis yana buɗe kullum daga safe zuwa la'asar, ban da Juma'a.